Wuƙar Gidanmu da Sojojin Roba

Shekarar da ɓarin jikina na dama ya shanye, ƙanena bai ko jira na gama koyon riƙe ludayi ba, ya zo neman wuƙa.

Bari in faɗi wace wuƙa ce, don na san ba kowa ya tashi a irin gidanmu ba. Mu 'yan gargajiya ne, waɗanda ake ce wa Anna a nan ƙasar Maradi. Maƙwabtanmu yawanci sun kama salla, wasu sun shiga majami'a, mu dai muna nan kan abin da muka tarar, a ƙauyenmu na bakin tafkin Madarumfa. A bayan rumbunanmu akwai jigo, wani ice mai baki biyu da kakanni suka kafa. Kowace shekara in hadari ya fara haɗowa a gabas, kafin a jefa iri a ƙasa, maigida yakan yanka jan zakara a gindinsa. Yanka ɗaya ake yi, ba a komawa. Mai yin yankan shi ne maigida. Shi ke buɗe rumbu, shi ke cewa ga gonar gero ga ta dawa, kuma ba a taɓa ko taki ɗaya na ƙasar gida sai da bakinsa. Ranar da hannunsa ya kasa, wuƙa ta wuce ga na bayansa, maganar gida kuma ta bi ta.

Ni ke riƙe da ita tun rasuwar babanmu. Na yi koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, har na aje aiki, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko, amma ko lokacin da nake aiki a garin Gabi, ranar yanka ba ta taɓa samuna a wani wuri ba sai gindin jigo. Sai ga hawan jini ya kayar da ni wata safiya a bakin rijiya. Ƙafa ta dawo da sauri, baki ma ya miƙe. Hannun ne ya ƙi. In na ɗaga shi sai ya kama kaɗawa, kamar ba nawa ba.

Ƙanena ya zo ya zauna gefen tabarmata yana kallon ƙasa kamar mutumin kirki.

"Yaya," ya ce, "ba don komi ba, amma damina za ta zo. Hannun nan kuwa ka ga yadda yake."

"Na gan shi mana, tunda a jikina yake."

"In zakara ya kuɓuce da rabin yanka, gida duka abin zai shafa."

"Kifi na ganinka, mai jar koma," na ce masa. "Zakara ne damuwarka, ko garka?"

Garka ce. Muna da garka a bakin tafki inda muke sa albasa da tumatir da zogala in ruwa ya ja baya, kuma wani attajiri na Maradi ya daɗe yana zagayen ta, yana so ya kewaye ta da waya. Ƙanena yana so a sayar, ya saya wa 'ya'yansa babur mai ƙafa uku su riƙa dako, su daina tsallakawa Najeriya cin rani. Ban ce ba shi da hujja ba. Amma babur yana mutuwa, garka ba ta mutuwa, kuma sau uku ina ce masa a'a. Yanzu bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, damina da saura, mu gani. Ya fita, ni kuma na zauna ina kallon hannun, raina a ɓace, tsoro kuma fal cikina.

Ɗiyata ce ta kawo kwalin. Ba na kama sunanta, 'yar fari ce. Ta auri ɗan wani gida na masu bin majami'a a Maradi, ta bi addininsu, tana aikin jinya. Wasu Turawan mishan da za su koma ƙasarsu sun fitar da tarkacen gidansu, ta ga kwalin a ciki ko buɗe shi ba a yi ba, ta ɗauko. Ta sauka daga kabu-kabu ta dire shi gabana. A jikinsa an zana wasu ƙarti cikin sulke, ɗauke da garkuwa da guduma, suna kaftawa da wasu korayen halittu masu haure kamar na gadu.

"Mi ne ne wannan?"

"Wasan yaƙi ne, Baba. Sojoji ne ƙanana, kai za ka harhaɗa su da hannunka. Likita ya ce hannun yana son ƙaramin aiki mai wuya, kullum."

"Ashe lalacewar tawa ta kai a kawo mini 'yar tsana? Ni? Da furfurata?"

"Manya ke yin sa a can."

"Manyan banza!"

Ba ta ko yi fushi ba, halin uwarta ta ɗauko. Ta ce, "Baba, ni ba ruwana da zakaranku, ka san inda na tsaya. Hannun ubana nake so ya dawo. In ka ƙi, sai ka miƙa wa Baba ƙarami wuƙarsa ka huta." Ta san inda za ta taɓa ni, 'yar nema. Na ce ta buɗe.

Wai! Da aka ɗaga murfin, ba soja ko ɗaya. Wasu firam-firam ne na roba mai ruwan toka, kamar ƙayar kifi bayan an cinye tsoka, kuma a jikinsu an liƙa gaɓoɓi birjik: kai nan, ƙafa can, hannu riƙe da takobi, rabin ƙirji, garkuwa. Kan soja bai fi ƙwayar wake ba. Akwai 'yan faya-fayai baƙaƙe kamar murfin kwalba, waɗanda za a dasa sojojin a kai. Akwai wata babbar takarda a naɗe mai zanen fili da duwatsu, da ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo, da ɗan ma'auni, da littafi cikin Ingilishi, ni kuwa Faransanci na koya. Babu gam na liƙi, babu fenti, babu abin yanka. Sojojin da ke jikin kwali sun sha launi har da zinariya, na ciki kuwa kamar an tono su daga toka.

Na tambayi ɗiyata nawa ake sayar da shi a ƙasarsu. Ta duba wayarta ta faɗa mini. Kuɗin tunkiya mai ciki! Na ce lalle wanda ya ƙago abin nan ya iya cin kasuwa. A ce maginiya ta dunƙula yumɓu ta miƙa maka, ta karɓi kuɗin tulu, ta ce je ka gina da kanka, ka kuma nemo wutar gashi. A kasuwar Madarumfa da an jefe ta.

Duk da haka na fara, don ba ni da wata dabara. Maiɗakina ta fitar mini da tsohon teburina na gyaran takardun yara, ta aje shi ƙarƙashin icen bedi. Aka sayo mini gam mai kama nan take, da reza, da abin yanke akaifa. Littafin kuwa ashe ba ya buƙatar harshe, hotuna ne da lambobi: gaɓa mai lamba kaza ta shiga cikin mai lamba kaza. Wannan kam na yaba masu. Wanda ya zana shi ya san koyarwa, bai tsallake mataki ba, bai kuma ɗauka ka riga ka sani ba.

Sojan farko ya ci mini kwanaki. Sai ka datse gaɓa daga firam, ka kankare ɗan tsinin da ya rage da reza, ka ɗiga gam kamar hawayen sauro, ka haɗa, ka riƙe har ya kama. Da hagu nake riƙewa, dama ke aiki, haka ɗiyata ta sharɗanta. Na manne yatsana da garkuwa har sai da maiɗakina ta jiƙa shi da ruwan zafi tana dariya. Na dasa wa wani kai yana kallon bayansa. Wani kan kuma ya fille daga reza ya faɗa cikin rairayi, kafin in sunkuya kaza ta yi caf ta haɗiye. Na jefe ta da takalmi ban same ta ba. Wannan sojan ƙwayar dawa na liƙa masa, kuma har yau ita ce kansa. Akwai ranar da hannun ya yi ta rawa har na share teburin da hagu, komi ya watse a ƙasa, na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar babanmu. Da na fito na tarar maiɗakina ta tankaɗe rairayin da rariya, ta tsince gaɓoɓin, ta zuba su cikin ƙoƙo.

Labari ya zaga gari, dama ba ya rasa mai kai shi. Mushe ya koma yaro, ciwon ya taɓa kai. Masunta in sun dawo daga tafki sai sun biyo ta ƙofar gidanmu, wai gaisuwa. "Mushe, ya yaƙi? An ci garin?" Nakan ce, "An kusa, gidanku ne na gaba." Wani mai wa'azi ya tsaya ya leƙa ya ce gumaka na ƙaro. Na ce masa abin da nake bauta wa yana bayan rumbu, ban taɓa ɓoye shi ba, waɗannan kuwa roba ce, kuma ko ni na san roba. Ban shige ɗaki da aikin ba. Da gangan na sa aka matsar da teburin kusa da ƙofa, mai kallo ya kalla ya ƙoshi.

Sannu a hankali hannun ya fara jin magana. Na lura in na dafa gwiwar hannu a kan tebur, na kwantar da damtsen, yatsun sukan natsu. Da haka na riƙa yi. Masu sulke suka ƙare, na koma kan masu haure, waɗanda sun fi wuya don duk jikinsu ƙaya ne da tsummoki. Ɗiyata ta aiko da 'yan gwangwanayen fenti daga Maradi, ni kuma na yi buroshi da gashin jelar akuya da tsinke. Ban bi launin kwali ba. Masu sulke na sa masu baƙi da ja irin rigar mafarauta, masu haure kuma ruwan ƙasa, don ban taɓa ganin koren abu mai haƙori ba in ba kada ba. Ranar da na ɗiga wa wani soja ƙwayar ido, ɗigo ɗaya cak a inda nake so, na yi ihu har awaki suka firgita.

Da rundunar ta cika, ban da soja ɗaya da na ware, ɗiyata ta zo hutun ƙarshen mako ta karanta mini dokokin wasan, muka shimfiɗa takardar muka gwada. To a nan ne na raina abin. Ka auna tafiyar sojanka da ma'auni, ka ɓoye shi bayan dutse, ka yi dabara iyakar dabara, sa'an nan a ce jefa ƙwayar ludo a ga ko takobinsa ya ci. Haba! Mutumin da ya tashi da dara, inda in an cinye ka wautarka ce ta jawo, ba zai yarda ƙwaya ta yanke masa hukunci ba. Ga rundunar ba guzuri, ba salkar ruwa, ba ko jaki ɗaya. Na ce wa ɗiyata waɗannan ko garin Sarkin Yamma da ke nan kusa ba za su kai ba ƙishirwa za ta gama da su. Ta cinye ni sau biyu, kuma na tsaya a kan cewa ƙwaya ce ta cinye ni.

Ta ce, "To Baba, ya ci kuɗinsa ko bai ci ba?"

Na ce in don wasan ne, ko rabin kuɗin asara ne. In don robar ce, ba ta kai bokiti ɗaya ba. Amma sassaƙar kam ta mai gwaninta ce, har igiyar takalmi an fitar, kuma gaɓoɓin suna shiga juna daram ba sai an tilasta ba. Abin da ka saya a gaskiya shi ne aikin da za a sa ka, kuma ni aikin nake nema. Na ɗaga mata yatsuna na murza su. Ta kau da kai tana share ido da bakin gyale.

Sai na aika a kira ƙanena. Na jera masa sojojin a kan tebur, sahu biyu.

"Kai mai lafiyar hannu," na ce, "ga saura ɗaya na rage maka. Ga kansa, ga gam. Ga fili ga mai doki."

Ya yi ƙoƙari, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma yatsun da suka shekara hamsin a kan hauya ba su san ƙwayar wake ba. Kan ya manne a babban yatsansa, ya yi ta yarfewa. Na karɓa na dasa shi a wuyan sojan, ina kallon idonsa. Na ji daɗi ƙwarai, har cikin raina.

Ya ɗauki wani soja mai tuta ya jujjuya shi, ya daɗe yana dubawa. "Aiki ya yi kyau, Yaya," ya ce. "Ni dai ko dala ba zan ba da a kansu ba, amma aiki ya yi kyau. Sai dai zakara ba roba ba ne. Yana motsi."

"Ka zo ranar ka gani."

Hadari ya fara haɗowa, iska ta juya, aka sa rana. Da hantsi gida duka ya taru a bayan rumbuna, maza a gaba, mata daga baya, har 'ya'yan ƙanena da suka dawo daga cin rani. Ɗiyata ba ta zo ba, ba ta zuwa wannan, kuma ban taɓa tilasta mata ba. Na sa babbar rigata mai faɗin hannu. Na zuba farau-farau a gindin jigo, na kira waɗanda ake kira, na roƙi ruwa da lafiya da albarkar iri. Ƙanena ya kawo zakaran, don aikin na baya ne ya riƙe fiffike da ƙafafu. Na tsuguna, na kama kan da hagu, na zare wuƙar na ɗaga.

Sai hannun ya kama kaɗawa.

Ba 'yar rawa ba, kaɗawa sosai, bakin wuƙar yana yawo kamar reshe cikin iska. A take na gane abin da ya faru. Duk watannin nan damtsena a kwance yake bisa tebur. Yatsu na horar, su kuwa sun koyi darasinsu, sun riƙe ƙotar wuƙar gam-gam. Amma hannun bai taɓa aiki a sama ba tare da madogara ba, ko sau ɗaya. A gindin jigo kuwa babu tebur.

Na ji wata daga cikin matan ta ja numfashi. Na sauke hannun, na sake ɗagawa, ya ƙara lalacewa.

"Yaya," ƙanena ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Kawo. Ba abin kunya ba ne."

Kai, na ji maganar nan kamar mari. Na ga garkar da waya kewaye da ita, na ga kaina zaune gindin bedi ana kawo mini fura ana yanke magana a bayana. Na ce da ƙarfi, don kowa ya ji:

"Ba wuƙa za ka karɓa ba. Gwiwarka za ka kawo. Kafa ta nan."

Ya dube ni. Na ci gaba:

"Tun kakanni an ce maigida ya yanka da hannunsa. Wa ya taɓa cewa kada ya dogara? In akwai wanda ya ji haka a bakin babanmu, ya faɗa yanzu."

Ba wanda ya tanka. Ƙanena yana iya ƙi, kuma da ya ƙi, shi ke nan, na gama. 'Ya'yansa suna tsaye suna kallonsa. Sa'an nan ya gyara tsugunonsa, ya durƙusa da ƙafa ɗaya, ya kafa ɗayar a gabana. Ya take ƙafafun zakaran, ya danne fiffiken da hannu ɗaya. Na kwantar da damtsena a kan gwiwarsa, hannun rigata ya zubo ya rufe ta.

Damtsen ya natsu. Amma wuyan hannun bai gama ba, da sauran rawa a cikinsa, kuma na san ta isa ta ɓata yanka. Shi ma ya ji ta, tunda a jikinsa nake. Sai na ji hannunsa ɗaya, wanda ba ya riƙe da komi, ya shigo ta ƙarƙashin rigar inda ba mai gani. Yatsun nan nasa masu kaushi suka kama wuyan hannuna suka riƙe tamau. Bai ja ba, bai tura ba, riƙewa kawai ya yi. Idonsa yana kan zakaran.

Na yanka. Sau ɗaya.

Jini ya zuba a gindin jigo, muka saki zakaran ya yi ta birgima a cikin ƙura, ya ƙare a kan bayansa, ƙirji sama, alamar an karɓa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ƙanena ya zare hannunsa tun kafin in ɗaga nawa, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya juya ga jama'a.

"Kun dai gani," ya ce. "Yaya ya yanka."

Babban ɗansa ya juya ya bar wurin, bai ko tsaya cin nama ba. Ƙanena ya bi shi da kallo, sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki zakaran ya miƙa wa mata.

Ban yi masa godiya ba, kuma ba zan yi ba, don in na gode na amsa ke nan cewa an yi wani abu a ƙarƙashin rigar nan. Shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Na ji haushinsa ranar, haushi mai tsanani, kuma ban taɓa ƙaunarsa kamar ranar ba. Na goge wuƙar da ƙasa, na mayar da ita kube, na kai ta ɗakina da kaina.

Da aka dafa zakaran, aka kawo mini cinyar dama a akushi, don rabon maigida ce, ba mai taɓa ta sai shi. Na ce wa maiɗakina haƙorana ba su da ƙarfi yau, ta kai wa ƙanena.